Tafiyar Baba Bayan Tuwo

Kaduna, 4 ga Maris

Ƙanwata Leah,
Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na tambayi likita kan sugan Baba da ke hawa bayan abinci. Ga doka: ya fara cin ganye da wake, sannan tuwon gero malmala ɗaya, ba uku ba. Miyar nan da yake so, rage mata mai. Da ya wanke hannu, ya fita tafiyar minti ashirin. Tsohon soja ne, ba za ta gagare shi ba. Ki gwada shi bayan awa biyu.
Yayanki, Japhet

Zuru, 25 ga Maris

Yaya Japhet,
Ina gaisuwa, ya iyali? Dokarka na bi ta sau da ƙafa. Baba ya dubi malmalar ya ce, "Ko a bakin daga ba a yi mini haka ba." Tafiya kam yana yi, har da ƙari. Amma injin gwaji yana nuna sama da ɗari uku, ya fi da. Gyambon yatsan ƙafarsa kuma ya ƙi warkewa. Ka zo ka gani da idonka.
Taka, Leah

Kaduna, 2 ga Afrilu

Leah,
Bayan gaisuwa, inji ba ya ƙarya. Kina ƙara masa tuwo ne don tausayi. Aiki ba zai bar ni in zo ba. Ki yi abin da aka ce kawai.
Japhet

Zuru, 10 ga Afrilu

Yaya,
Na gaishe ka, don haka aka koya mana. Jiya na bi Baba a baya. Tafiyar da ka ɗora masa tana farawa ne a gidan Mama Rebecca, inda kwanon tuwo ke jiransa a rufe, ta ƙare wajen Talle mai shanu da ƙwaryar fura. Na durƙusa na roƙe su. Mama Rebecca ta ce, "Dattijo shi iso ƙofata lokacin abinci in kore shi? Ba a Zuru ba. Ke dai ji tsoron Allah."

A zumuntar mata ta coci yanzu ni ce wadda ke horon ubanta da yunwa. Kai kuwa ɗan albarka, mai tambayo likita daga birni. Shekara shida ina wanke masa ƙafa, ka ce ina ƙara tuwo. Abin ya ƙona mini rai, Yaya. Yatsan ya yi baƙi.
Leah

Zuru, 19 ga Mayu

Yaya Japhet,
Ina gaisuwa. Ka kwantar da hankalinka, sugan Baba ya sauka. Tun da aka yanke ƙafar ba ya zuwa gidan kowa, malmala ɗaya yake ci. Keken guragun da ka aiko ya iso. Kullum da ya wanke hannu sai ya ce in tura shi bakin titi, wai ko mota za ta sauke ka.
Ka huta lafiya.
Leah