Fuskata a Talabijin ɗin Hajiya

Litinin, 3 ga Maris, 1986
Sammaci ya zo. Talata ta sama zan ba da shaida a kotun tarayya, a shari'ar Filibus direban masaƙarmu da kwastan suka kama da dilolin fasa-ƙwauri. Ba laifinsa ba ne. A gabana Oga Alexander, shugabanmu na sito, ya sa aka loda su. Ni Juliana, me ya kai idona wurin?

Laraba, 5 ga Maris
Lauya ya ce alƙali ya yarda 'yan talabijin su shiga da kyamara, wai don jama'a su gani. Wace jama'a? Unguwarmu Kakuri ce jama'ar! Gida uku ne tsakanina da Oga. Ko tuwo na kasa ci.

Jumma'a, 7 ga Maris
Oga ya tsaya a teburina. "Madam, yaya yara?" Bai taɓa tambaya ba. Su uku ne, aikin nan ne uwarsu da ubansu. Ya Yesu, ina tsoro.

Lahadi, 9 ga Maris
Martha matar Filibus ta zauna bayana a coci. Ta san shaidata ce za ta fid da mijinta, idonta na kan ƙeyata. Gara ma ta zage ni.
Na ari mayafi wurin Hajiya mai gidanmu, in rufe fuska.

Talata, 11 ga Maris
Kai, wauta! Na lulluɓe har hanci, ashe zanen Kirsimeti na ɗaura, wanda masaƙa ta raba wa matan sito, mu shida rak. Martha ce ta nuna mini a bakin kotu: "Yaya, ko buhu kika shiga an san ki."
A ciki, fitilar 'yan talabijin zafi kamar murhu. Ina miƙa hannu in karɓi Littafi Mai Tsarki, mayafin ya zame. Ban gyara ba. Na faɗi sunan Oga sau biyu, don alƙali bai ji na farko ba.

Laraba, 12 ga Maris
Ƙarfe bakwai duk gida aka taru gaban talabijin a ɗakin Hajiya. Na laɓe bayan labule. Ana fara nuna kotun aka ɗauke wuta. Na gode wa Allah. Ina jin dai na gode.

Jumma'a, 14 ga Maris
An ba da belin Filibus. Ba a kore ni ba tukuna. Ƙanen Oga ya tofa yawu da na wuce, har yanzu ina danne ƙofa da turmi.
Wai Lahadi za a maimaita shirin. Na ce wa Hajiya ɗakinta ya yi kaɗan, a fito da talabijin ɗin tsakar gida. Saboda zafi ne kawai.