Kwanonin Mai Tsani

Gidan Sori, ranar Litinin

Zuwa ga ɗana Surajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kana kuma tsare sallarka a kan lokaci. Mu nan lafiya, sai jikin kakarka Gogo da ya ƙi daɗi tun bayan girbi. An kai ta asibitin Gidan Runji sun ba da magani, amma ni da ke jinyarta na san ƙarfi tafiya yake yi.

Direban da zai ba ka wannan takarda zai haɗa maka da ƙunshi. Tsofaffin kwanoni ne. Kada ka yi dariya, kada kuma ka tura su ƙarƙashin keken ɗinkinka ka manta, na san halinka.

Ka san mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, ba nan aka haife shi ba. A Tashar Marke ne, can wajenku, kan layin jirgin da ke zuwa Ƙaura. Kakanka ke ɗaga wa jirgi tuta, Gogo kuwa tana sayar da dambu. Jirgi ba ya daɗewa a ƙaramar tasha. Da ta miƙa kwano ta taga, kafin mutum ya kai loma baki jirgi ya ja. Sai fasinja ya ci a hanya, ya sauke kwanon a tasha ta gaba, Rafin Gora. Can akwai wata mai fura da ke tattara kwanonin Gogo, ta wanke, ta ba gadin jirgi ya dawo da su. Gogo ma haka take yi da na matar. Ba su taɓa ganin juna ba. Ko sunanta Gogo ba ta sani ba, Mai Tsani take ce mata, saboda zanen tsani da take yi da ƙusa a gindin kowane kwano.

Wata rana Gogo ta wanke kwanonin matar ta jera, jirgi bai zo ba. Aka ce gyara ake yi, aka ce wata mai zuwa, har aka sallami ma'aikata. Kakanka ya kwaso iyali zuwa wajen danginsa a nan, kwanonin suka biyo kaya.

Yanzu ba ta da magana sai tasu. Ta ce ba ta son a tambaye ta kayan mutane a kabari. Ka nemo matar ko magadanta. Kada ka ce mini aiki ya yi yawa. Ɗinki zai jira ka, kakarka ba lallai ta jira ba.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Lantana

Gusau, ranar Asabar

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Gogo da jiki. Sallah ina yi, Inna, har liman ya san fuskata.

Na je jiya. Tashar Marke tana nan, amma babu rufi, an kwashe kwanon sama da tagogi. Layin ya nutse cikin ƙasa, mata na shanya barkono inda fasinja ke tsayawa. Wani tsoho ya tuna kakana. Ya ce Ayuba Mai Tuta ko akuya ce ta hau layi sai ya ɗaga mata ja. Ya ce da jirgi ya daina zuwa kasuwar ta mutu, masu shayi da ƴan dako duk suka watse.

Daga nan na hau babur zuwa Rafin Gora. Tasharsu ta zama gidan injin niƙa. Na nuna wa matan da ke layi gindin kwano, wata ta ce, "Wannan ai hannun Baba Dija ne."

Tana da rai, Inna, sai dai idon ya tafi. Na gaishe ta, na sa mata kwano a cinya. Ta shafa gindinsa ta daɗe, sannan ta ce, "Kai jikan Mai Shuɗi ne?" Ashe Gogo ɗigon fenti shuɗi take sa wa nata. Na ce shi ne. Sai ta ture kwanon.

"Ɗauki abinka, ɗan nan. Nata da ke wajena na sayar shekarar yunwa, na auno dawa. Da wace fuska zan karɓi nawa? Ta riƙe su a madadin nata."

Na yi magiya har jikokinta suka fara yi mini dariya, ta ƙi. Kwanonin na nan wajena.

Ga shawarata. In sayi tsofaffin kwanoni a kasuwa, in ɗiga musu shuɗi, a ce wa Gogo an karɓi saƙo, ga nata ma an ajiye mata. Hankalinta ya kwanta, ba wanda aka cuta.

Ɗanki, Surajo

Gidan Sori, ranar Alhamis

Surajo,

Bayan gaisuwa. Na karanta shawararka, kuma na ji kunya. Ban kai ka lakol karatun boko don ka koyi yi wa mai jinya ƙarya ba. Matar da ta riƙe kayan wani tun mahaifinka na yaro, ita za ka sallama da fenti? Kada in ƙara ji.

Ita ma Dija ban ga daidai a abin da ta yi ba. Amana amana ce, ko da yunwa. Haka na shirya in faɗa wa Gogo, na kuma faɗa, ban rage komai ba.

Ta rufe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Dija. Ashe Dija sunanta." Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Sannan ta fara dariya har tari ya sarƙe ta. Na ce, "Gogo, mene ne abin dariya?" Ta ce, "Kwanonin nan nawa duk sun huje, da ƙullu nake toshe su. Wanda ya saya shi aka cuta."

Na ce duk da haka ba nata ba ne. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, kin taɓa kwana da yara suna kuka babu abin ɗorawa?"

Ga saƙonta, yadda ta faɗa nake rubutawa: "A ce wa Dija na yafe mata duniya da lahira. Da na san dawa za su zama, da na ƙara mata wasu. Amma nata ba nawa ba ne, ni ban yarda da musaya ba. In tana son in tafi da sauƙi, ta karɓa."

Ka koma, ka durƙusa ka faɗa mata haka, kada ka ƙara naka. Jiya ko kunu Gogo ba ta iya shanyewa ba.

Mahaifiyarka

Gusau, ranar Lahadi

Inna,

Ina gaisuwa. Ta karɓa. Na faɗa mata saƙon, har da abin da ya ba Gogo dariya. Da na kai wajen ƙullu ta ce, "Ai ni na sha wanke su, na san ƙullun nan." Ta yi kuka kaɗan, ta sa aka dama fura a ɗaya daga cikin kwanonin ta tsare ni sai da na shanye.

Abu guda ta roƙa. Ta ce tunda ido babu, tana son ta ji muryar Mai Shuɗi. Jikanta na da waya. In Gogo za ta iya, ki sa rana.

Surajo

Gidan Sori, ranar Talata

Surajo,

Na faɗa wa Gogo an karɓa. Ta ce alhamdu lillahi, ta juya ta yi barcin da ban ga ta yi ba tun girbi.

Maganarta ta yi ƙasa ƙwarai, kuma waya ba ta kamawa a cikin gida. Ridwanu maƙwabcinmu zai shimfiɗa katifa a amalankensa mu kai ta tudun bayan lakol. Na ce mu bari sai Juma'a, Gogo ta ce a'a, jibi Alhamis.

Ka rufe shago ka tafi tun gobe. Ka zaunar da Dija inda babu ƙarar injin, ka ce ta yi haƙuri in ta ji shiru. Bayan la'asar za mu kira.

Allah ya kai mu.
Mahaifiyarka, Lantana