Firiza Ta Huta, Kunun Aya Ya Yi Tsami

Baban Jawahir, injiniyan unguwa,

Na wuce kasuwar 'Yankura sayo wata ayar. Ban tashe ka ba, na ga jiya ka sha wahalar zagaye unguwar Kwaciri kana koya wa mutane tattalin wuta da waya.

Soket ɗin nan mai wayo da ka maƙala wa firizata, wanda kake ba shi umarni ta waya, wallahi ya fi ni biyayya. Ka saka masa lokacin kashewa, ka manta na kunnawa. Tun jiya da la'asar firiza take hutawa, ga wuta an kawo. Kunun aya jarka uku na bikin 'yar Madam Ifeoma ya yi tsami har murfi yana tashi. Ɗazu ta kira ni: "Maman Jawahir, ƙarfe biyu fa, kar ki ba ni kunya gaban surukai." Shekara shida matar nan ba ta sayi kunu a hannun kowa ba sai ni.

Af, wayarka tana ta yi maka murna, wai gidanka ya fi kowa tattali a layin nan. Barka da arziki.

Kafin in dawo ka cire min abin nan, ka kunna firiza da hannunka irin na mutanen da.

Na bar maka jarka ɗaya, karin kumallonka ke nan. Sha da kyau, ko yunit ɗaya na wuta bai ci ba.

Zaituna