Ba Ni Zan Koyar da Rolake Ba

Zuwa ga yayata, Iya Rolake,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Sikiru da duk mutanen gida a Iseyin. Yaya ƙafar Mama? Na ji ta ƙi riƙe sanda, wai ba za ta wuce ta gaban masaƙa tana dogarawa kamar tsohuwa ba. Allah ya ba ta sauƙi, ya bar mana ita da taurin kanta. Ni ma lafiya lau, sai sanyin Jamus da har yau ba mu saba da juna ba, da garin dankalin da nake tuƙawa ina yi wa cikina ƙaryar amala.

Saƙonki ya iso, na kuma yi murna da Rolake ta gama digiri na biyu a Ibadan. Kin ce tunda fannin kawunta ta zaɓa, ta zo ta yi na uku a hannuna, naka sai naka. Yaya, ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki fara kirana ɗan baƙin ciki: ba zan karɓe ta ba.

Kin sha tambayata me nake yi, ina ce miki lissafi kawai. To, ga shi. A fanninmu, da ake kira K-theory, muna tara abubuwa masu jinsi ɗaya tare da duk hanyoyin da ke haɗa su, mu yarda cewa abin da ya rabu biyu daidai yake da ɓangarorinsa a haɗe. Daga wannan tarin muke gina wata siffa, mu bincika ramukan da ke jikinta. Kuma a wurinmu zare biyu ɗaya ne, muddin za a iya lanƙwasa wannan ya koma wancan ba a tsinka shi ba. Ni aikin ƙuruciyata shi ne tabbatar da yaushe tari biyu mabambanta ke haifar da siffa ɗaya. Ya ci min fiye da shekara goma da gashin kaina, ya zama littafi mai kauri.

Bara, a taron da muke yi duk mako, wata malama mai suna Henrike, wadda ba ta kai autarmu Mulika shekaru ba, ta tsaya gaban allo da sabon salon da 'yan yanzu suka ƙware a kai. Kafin shayina ya huce ta tabbatar da abin da ke cikin littafina, a allo biyu, har da ƙari. Nan ba a yi wa mutum tafi, tebur ake ƙwanƙwasawa da bayan yatsu. Kowa ya ƙwanƙwasa yana satar kallona. Ni ma na ƙwanƙwasa. Wani tsohon abokin aikina ya raɗa min cewa yanzu littafina ya samu aikin tokare ƙafar tebur, na ce masa nasa ko wannan ba zai iya ba, don ya cika siranta. Muka yi dariya, amma na yi makonni ina neman kuskure a hujjarta, neman mai son ya samu. Babu. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan sana'ar, Yaya, wani lokaci yaron daga ƙasa ma yake hangowa.

Ita aka ba kujerar farfesa. Ni har yanzu ana sabunta min aiki guntu-guntu, ina koyar da 'yan shekarar farko. An sha tsallake ni a ƙasar nan saboda abin da ba lissafi ba, kuma ban manta ba. Amma wannan karon ba a zalunce ni ba. Ranar taron nan ma Henrike da ambaton sunana ta fara, ta ce ba don hanyar da na share ba, da ba ta san inda za ta dosa ba.

Na karanta aikin da Rolake ta aiko min. Da wannan sabon salon take tunani, ita kaɗai ta koya wa kanta, kuma a ƙarshe ta yi wata tambaya da na gane amma ba ni da amsarta. In ta zo hannuna, doguwar hanyata zan ɗora ta a kai, ta ɓata shekarunta. Ga kuma tarbiyyar da kika yi mata. Yarinyar da ke durƙusawa ta gaishe ni ko a waya, ta yaya za ta tsaya gaban allo ta ce kawu, nan ka yi kuskure? Ɗalibin da ba zai iya faɗin haka ba kuwa, an cuce shi.

Don haka na ɗauki aikinta na kai ofishin Henrike. Bayan kwana biyu ta zo da kanta ta ce tana son yarinyar, ta kuma tambaye ni wane irin mutum ne ke sakin ɗaliba irin wannan. Na ce mata 'yar yayata ce, shi ya sa. Tana jiran amsa kafin wata ya ƙare, Rolake kuwa ba za ta amsa ba sai kin sa albarka. Abin da nake roƙonki ke nan. Ɗaki yana nan a gidana, ci da sha da rigar sanyi duk a wuyana, kawuncin ba za a raba ni da shi ba.

Ki gaishe min da Mama da Alhaji Sikiru, da Mulika da yaranta, da Baba Lasisi in har yanzu yana jin magana. Idan 'yan unguwa suka tambaya me ya sa ba kawunta ke koyar da ita ba, kada ki yi kwana-kwana. Ki ce musu ta fi ƙarfinsa, shi ya faɗa da bakinsa, kuma bai taɓa jin daɗin faɗin wata magana kamar wannan ba.

Ƙaninki mai kewarku,
Lamidi