Surin da Kika Ɓoye Mini

Kafanchan, farkon damina.

Zuwa ga matata Saratu, Maman Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Shekara goma sha biyar ina akawu a tashar jirgin ƙasa, ina rubuta inda kayan mutane za su sauka, amma babu jirgin da ke zuwa inda kike. Zan rubuta duk da haka, don bakina ya cika, gidan kuma ba kowa.

Wata bakwai ke nan da muka raka ki. Akuyarki ta haifi biyu. Rufin kicin yana yoyo daidai inda kika sha gaya mini. Babban labarin shi ne Rifkatu ta koma Kagoro wurin yayarki Hannatu, kuma ni na jawo.

Tun bayan Ista Yaya Hannatu take sintiri, wai namiji shi kaɗai ba zai iya riƙe yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ba. Na ce a kan me? Amma gaskiya yarinyar ta rame. Tuwon accana duk gudaji, sai ta tsakura ta ture kwano. Ranar da ruwan fari ya sauka tana tsaye a bakin ƙofa, na ji ta ce ƙasa-ƙasa, da Mama tana nan da an kusa shan miyar naman kaza, irin mai tsirowa a suri. Nan take na ƙudurta zan dafa mata, in ga ƙarshen surutun Hannatu.

Kin tuna shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ranar da abokan aikina suka zo gaisuwa? Kika shigo da kwando, zani jiƙe da raɓa, ƙafa duk taɓo. Na daka miki tsawa a gabansu, na ce matar akawu ba ta yawon tonon suri kamar wadda ba a ciyarwa. Kika wuce kicin da kwandonki. Daga ranar ban sake ganin kwandon ba. Miyar kuwa ba ta fasa zuwa ba duk farkon damina, ina sha har ina miƙa kwano a ƙara, ban taɓa tambayar daga ina ba. Wane irin rashin kunya ne wannan, Saratu? Me ya hana ki gaya mini baƙar magana ko sau ɗaya?

To, ranar Asabar na fita da sassafe. Da na tambayi maƙwabciyarmu Maman Danjuma, da ta nuna mini, amma ina! Girman kan nan da kika sani yana nan daram. A bayan layin dogo, inda shanu ke kiwo, na tarar da naman kaza farare, manya kamar faranti. Har ina cewa a raina, ashe abin ba wuya. Na wanke, na yayyaga, na sa manja da daddawa da barkono. Ɗan hankalin da Allah ya bar mini shi ne na ce in fara ci kafin Rifkatu ta dawo daga koyon waƙa a majami'a.

Kafin rana ta karkata amai da gudawa sun kayar da ni. Maƙwabta suka kwashe ni zuwa asibitin mishan, na kwana biyu. Da na buɗe ido sai ga Hannatu zaune a gefen gado, hannu harɗe. Da aka sallame ni sai ta tara dattawa. Dattawa suka zauna suka ce da yarinya ce ta ci fa? Suka yanke shawara Rifkatu ta bi Hannatu zuwa Kagoro.

Ana gobe za su tafi na tashi ban ga Rifkatu ba. Hantsi ya yi sai ga ta, jiƙe sharkaf, ɗauke da kwandonki. Ashe a ɗakin Maman Danjuma kike ajiye shi duk shekarun nan. Ta ɗauko ragowar nawa daga bayan kicin ta jera kusa da nata, tana koya mini kamar ɗan aji ɗaya. Wanda ake ci, in ji ta, yana da tsini a ka da doguwar jela da ke nutsewa cikin suri. Nawa kuwa ga zobe a wuya, ƙarƙashinsa kore-kore, laimar kwaɗi ce. Ta ce ba a kwashewa duka, ana barin ƙananan a mayar da ƙasa a rami. Tun tana shekara bakwai kuke zuwa tare, da zarar na ba da baya zuwa aiki.

Ta dafa. Yadda take juya ludayi ma naki ne. Ta cinye tuwonta tas, karo na farko tun rasuwarki.

Na roƙe ta ta nuna mini surin kafin ta tafi. Ta sunkuyar da kai ta ce Mama ta ce kada a gaya wa Baba, kuma Mama ba ta dawo ta ce a gaya masa ba.

Ban yi fushi ba. Ta riƙe miki amana fiye da yadda na riƙe. Ta shanya ragowar, ta zura a zare ta rataya mini a saman murhu, ta ce waɗannan duka na ci ne, kada in ƙara na kaina.

Yanzu kowace safiya kafin aiki ina zagaya daji da takalmin ofis, taɓo har gwiwa, abokan aiki suna kallona. Surin da ke tsakanin nan da duwatsun Kagoro ba su ƙidayuwa. Wanne ne naki? Ki yafe mini tsawar nan. Da kina da hanya, na san da tuni kin ce mata ta gaya mini.

Ki huta lafiya a hannun Ubangiji, sai mun sadu.

Ni ne mijinki da bai taɓa tambaya ba,
Bulus.