Takobin Sali

Da sunan Allah. Ni Nu'man ɗan Sali, mahauci a mayankar Etoudi, mazaunin unguwar Briqueterie a Yaoundé, hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka ƙi. 'Ya'yana Haman, Umair, Hadija, ku karanta wannan a zaune wuri ɗaya.

Na ɗaya. Gida da rumfa a raba yadda shari'a ta ce. Ba su ne suka hana ni sukuni ba.

Na biyu, takobin. Kakanku Sali yana saurayi ya biyo wani hafsan Ingila a yaƙin Jamus, yana kula masa da doki. Hafsan ɗan wata rundunar mahaya ce ta 'yan sa-kai, manoma da 'yan kasuwa masu hawa dawakin kansu. Tsando ya kashe dokin a kurmi, kakanku ya ɗauko sirdin a ka har Yaoundé. Da za su rabu, Baturen ya ba shi takobinsa. Kakanku ya rage masa tsawo, da shi muke yanka ragon layya har bana.

Yanzu gidan tarihin rundunar da ke Ingila na nemansa. Kai Umair ka yi musu alkawari ba da sanina ba. Kai kuma Haman, da ka ji, ka zare wa ɗan'uwanka shi a tsakar gida a gaban 'ya'yanku. Na gani ta taga. Wallahi tun ranar tsoronku nake ji, ni da na haife ku.

Na uku. Takobin yana hannun Hadija, ita kaɗai ta san inda yake. Kada wanda ya matsa mata.

Na huɗu. Umair, a tarihin da suka aiko ka karanta mini sunan dokin da launinsa. Kakanku kuwa "yaron barga" suka ce, shi ke nan, kuma ko a jikinka. Sai sun rubuta Sali ɗan Ilyas za a ba su. Kai Haman, in sun rubuta, ka saki. Ku biyu za ku miƙa shi.

In kuka ƙi shiryawa kafin babbar salla, Hadija ta kai wa maƙeri a kasuwar Mokolo ya narkar. Gara sunan ubana ya ɓace a Ingila da jinin ɗana ya zuba a gidansa.

Na yafe muku. Allah Ya yi muku albarka, Ya sanyaya zukatanku. Ku riƙe juna, ku ɗauki gawata tare.