Ruwan Wankin Soso

Litinin, 10 ga Yuni
Na fara aikin hutu a ɗakin binciken Dakta Odalys. Ta ce a jikin soson teku akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke haɗa gubar da ke korar kifi. Yadda ake haɗa ta a rubuce yake cikin ƙwayoyin gadonsu, shi take nema, ko a dace da magani. Kai kawai na gyaɗa. A bas ina ta ganin gari guda cikin soso, da lunguna, kowa na gaban tukunyarsa.

Laraba, 12 ga Yuni
Na ba Kaka labari. Shekara hamsin ya yi yana nutso yana ciro soso a nan garinmu na bakin teku, Tarpon Springs. Dariya har da tari. "Nomiki, wato Daktar taku ɗoyi ta karanta?"

Alhamis, 13 ga Yuni
Soso ɗaya tak suka samo, ja, duk yauƙi. Dakta na waya. Sai na yi masa yadda ake yi a gidanmu: na matse, na kankare, na ɗauraye da ruwan famfo sau uku. Fes. Ruwan na bin rariya na tuna abin da ke cikinsa.
Na naɗe soson na tura firiza.

Juma'a, 14 ga Yuni
Ban faɗa ba. Na yi mafarkin garin nan, ƙofofi a buɗe, ba kowa.

Litinin, 17 ga Yuni
Na faɗa wa Dakta, idona a kan takalmina. "Wata biyu muka yi kafin mu samu wannan," in ji ta. Na jira ta ce kar in dawo.
"Kakana ya san inda suke."
Wai ni na faɗi haka.

Asabar, 22 ga Yuni
Cikin jirgin ruwan Kaka, da Dakta da wani mai nutso. Kaka ya leƙa ruwa, ya nuna da haɓa. "Nan ne, jikata. Mu jan nan ko kyauta ba ma so." Mai nutso ya fito da biyar. Kaka ya jawo tiyon ruwa zai wanke su, don hannu ya saba.
"Kaka, kar ka taɓa!"
Kowa ya waiwayo. Dakta ta miƙo mini bokitin soson.
Har yanzu rigata ƙarni take. Gobe na wanke. Ko jibi.